Tumatir: A Ɗebe Shi Da Ƙosawarsa Ko A Bar Shi Ya Nuna A Jikin Uwa?

Kowace shekara, da zarar hunturu ya kankama lambunan bakin dam ɗin Daberam suka fara ja, gardama ɗaya ce ke dawowa a lambun kawuna. Dillalin da ke loda mota zuwa Legas yana son tumatir mai tauri wanda bai gama barin kore ba. Inna kuwa, da yake ita ke girka shi, in aka kawo mata irin wannan sai ta ture kwanon ta ce, "Wannan ai ruwa ne da tsami, ku mayar wa wanda ya ɗebo." Kawu yana tsakiya. Bara ya juyo gare ni ya ce, "Kai da ka yi karatun noma, gaya mini. Wanda aka ɗeba ya yi ja a kwando, da wanda ya nuna a jikin uwarsa, ba duk ja ba ne?" Na ce, "Kawu, a ido duk ja ne. Amma baki yana rarrabe su, aljihu ma haka."

Abin da na daɗe ina so manomanmu su gane shi ne, ja da zaƙi ba hanyarsu ɗaya ba. Jan tumatir daga cikinsa yake fitowa, ko yana rataye a reshe ko yana kwance a kwando. Zaƙi kuwa daga ganye ake aiko masa da shi. Ranar da ka tsinke shi, ranar ka yanke wannan aike.

Ga yadda abin yake. A cikin kilo 100 na tumatir, kusan kilo 94 zuwa 95 ruwa ne. Ɗan abin da ya rage shi ne duk ɗanɗanon da muke nema, kuma kusan rabinsa sukari ne. Ganye ke haɗa wannan sukari da hasken rana, ya tura shi ta jijiyoyin reshe, ya bi ta hancin tumatir ya shiga. Abin da ke isowa sukuros ne, wato irin sukarin rake da muke zubawa a shayi. Amma ba ya zama haka. A cikin ɗan tumatir akwai wasu sinadarai da masana ke kira inzayim, kowanne da aikinsa ɗaya tak, kamar 'yan ƙodago a gona: wani na yanka ne, wani na ɗauri, wani na kwasa. A makonnin farko, sa'ad da ɗan yake ƙarami kore, wani inzayim mai suna sukuros sintes yana farfasa sukarin da ya iso, wani kuma ya ɗaure shi ya mayar da shi sitaci ya adana. Wannan sitaci rumbu ne. Gwargwadon cikar rumbun a lokacin ƙuruciya, gwargwadon zaƙin da za a samu daga baya, domin idan nuna ta matso sai a buɗe shi a mayar da sitacin sukari har ya ƙare kaf. Shi ya sa tumatirin da ganyen uwarsa ya ƙone da cuta tun da wuri ba ya yin daɗi ko an bar shi ya nuna luguf.

Babban ma'aikaci a wannan harka shi ne inbates. Aikinsa ya raba sukuros gida biyu, gulukos da furuktos, kuma waɗannan biyun su ne zaƙin nunannen tumatir, kusan daidai wa daida. Furuktos ya fi sauran zaƙi a harshe. Akwai inbates a bakin ƙofa, wajen da sukari ke sauka daga jijiya. Muddin yana raba wanda ya iso, hanya tana buɗe wani ya ƙara shigowa, kamar 'yan dako masu hanzarin sauke kaya a tasha. A 2004 masu bincike suka nuna cewa wani tumatirin daji na Kudancin Amurka yana da irin wannan inbates da ya fi na tumatirin gida ƙwazo, kuma da aka shigar da shi cikin na gida ta hanyar barbara sai zaƙin ya ƙaru. Ko a 2024 ma, wasu masana a ƙasar Sin sun kashe wasu ƙwayoyin gado 2 (wato abin da ke ɗauke da halin da shuka ke gada daga iyayenta) da ke sa a rushe sukuros sintes, gulukos da furuktos suka ƙaru da har kashi 30 cikin 100 ba tare da girman 'ya'yan ya ragu ba. Duk wannan aiki a kan abu ɗaya yake: yawan sukarin da ke shigowa daga uwa. Wanda aka raba da uwa ba shi da rabo a ciki.

Tsami kuma tafiyarsa daban. Sinadarai 2 ne ke riƙe da shi: sitirik, wanda ke cikin lemun tsami, da malik, wanda ke cikin tuffa. Ɗan tumatir da kansa yake ƙera su daga sukari yana tarawa tun yana kore, kuma tsaminsa yakan kai ƙololuwa daidai lokacin da launi ya fara juyawa. Daga nan sai wasu inzayim su shiga cinye shi. Ɗaya yana ƙona malik a numfashin da ɗan yake yi, wani mai suna akonites yana buɗe hanyar rushe sitirik, wani kuma yana mayar da ɗan kaso na tsamin ya koma sukari. Malik ne ke saurin faɗuwa, sitirik yana bin sa a hankali. A daidai wannan lokaci gulutamet ke hauhawa, shi ne sinadarin da ke cikin farin magi, shi ke ba miyar nunannen tumatir wannan garɗi da ba zaƙi ba ne ba kuma tsami ba. Tsamin da gulutamet duk sun fi taruwa a ruwan yauƙin da ke kewaye da 'ya'yan ciki, don haka uwargidan da ke matse wannan ruwa ta zubar tana rage tsami, amma tana zubar da garɗi tare da shi.

Daɗin tumatir yana tsakanin waɗannan biyun. Sukari mai yawa da tsami mai yawa, shi ne tumatirin da ake ci da gishiri a tsaye a lambu. Tsami mai yawa da sukari kaɗan, shi ne wanda ke sa a nemo kanwa a jefa a tukunya. In duka biyun suka yi ƙasa, lami ke nan, ko an soya shi awa guda ba ya tashi.

Yanzu sai mu auna zaɓin da ke gaban manomi. A gaskiya ba biyu ba ne, uku ne, kuma akwai na huɗu da ban ɗauke shi zaɓi ba sam: ɗiban tumatirin da bai ƙosa ba. Gane shi ba wuya. Ka sa wuƙa mai kaifi ka raba shi biyu. In wuƙar ta yanka 'ya'yan ciki, kuma babu yauƙi a ramukan, bai ƙosa ba. In 'ya'yan sun zille wa wuƙa, yauƙi ya cika, ya ƙosa. Wanda bai ƙosa ba yanƙwanewa yake yi, ja ɗinsa ya fito kodaɗɗe, kuma shi ke ɓata wa kwando suna a kasuwa. Matsalar ita ce daga waje korayen nan biyu kamarsu ɗaya, yaran da aka ɗauko ɗiba da kuɗin kwando kuwa ba sa tsayawa tantancewa.

Zaɓi na farko shi ne ƙosasshen kore. Ƙarfinsa tauri ne, kuma ba ƙaramin abu ba ne. Daga Daura zuwa kasuwar Mile 12 a Legas ya haura kilomita 1,000, a kwandunan da aka ɗora wani kan wani, na ƙasa yana ɗauke da nauyin na sama. Tumatir yana da wani danƙo mai suna fektin da ke liƙe ƙwayoyin namansa. Idan nuna ta fara, iskar etilin da ɗan ke fitarwa tana tayar da inzayim masu narkar da wannan danƙo, shi ne laushin da muke ji. A ƙosasshen kore waɗannan ba su farka ba tukuna. Wannan matsala ta laushi ta dami manyan ƙasashe ma: tumatirin Flavr Savr da ya shiga kasuwar Amurka a 1994, amfanin gona na farko da aka sauya wa ƙwayar gado aka sayar don ci, an yi shi ne don a rage aikin ɗaya daga cikin inzayim ɗin nan masu narkar da danƙo. To amma me kore ke rasawa? Zai yi ja a hanya, gaskiya ne, domin etilin ɗinsa na tare da shi. Ragowar sitacinsa zai koma sukari. Sai dai babu sabon da ke shigowa, kuma yana numfashi dare da rana yana cin wanda ke ciki. Tun a 1977 masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Debis suka ba mutane tumatirin da aka ɗeba a matakai daban-daban, waɗanda aka ɗeba da wuri suka fito da ƙarancin zaƙi, da yawan tsami, da raunin ƙamshi, idan aka gwada su da waɗanda suka nuna a reshe. Abin da Inna ke faɗa ke nan, ita da harshe ta gano.

Zaɓi na biyu shi ne wanda na fi tsayawa a kai: tumatirin da ya fara juyawa, ja ko ruwan hoda ya ɓullo a ƙasansa wajen da fure ya faɗi, sauran jikin yana kore-kore. Wannan ɗigon launi shaida ce da ba ta buƙatar wuƙa. Ya nuna ɗan ya ƙosa tabbas, ya gama girma, ya karɓi mafi yawan abin da zai karɓa, kuma nuna ta kama hanya. Har yanzu yana da tauri, kuma a sanyin hunturu yakan ɗauki kusan mako guda kafin ya rine. Na kan ji ana cewa daga wannan mataki uwa ta rufe ƙofa, ba abin da ke ƙara shiga. Wannan ya wuce gona da iri. Wanda aka bari a reshe yana ci gaba da samun ƙari, kuma mai harshe zai ji bambancin. Amma tazarar da ke tsakaninsa da nunanne ƙarama ce idan aka kwatanta da ta kore, kuma abin da ake tsira da shi yana da yawa: tsagewa bayan ban ruwa, saran tsuntsu, ƙunar rana, da tsutsar nan da ta share lambunan Arewa a 2016. Tsaminsa yana kan ganiya a ranar ɗiba, kada wannan ya tsorata kowa, zai sauka cikin kwanakin da yake nuna.

Na uku shi ne nunanne ja a jikin uwa. A ɗanɗano babu mai ja da shi. Sukari ya cika, malik ya sauka, gulutamet ya hau, ƙamshi ya fito. Amma danƙonsa ya fara narkewa, kwanakinsa kaɗan ne. Wanda ke kai kaya kasuwar gwari a Daura ko Katsina da sassafe, a sayar kafin azahar, wannan ne nasa, kuma mai saye da ya ɗanɗana sau ɗaya zai dawo neman sa. Wanda ya loda shi zuwa Kudu a kwando, ruwa zai isar. Taura biyu ba ta taunuwa: ba a samun cikakken zaƙi da doguwar tafiya a ɗa guda. Akwai kuma iyaka. In ya wuce nuna ya yi luguf, inzayim sun ci gaba da cin tsami, sukari ma ya fara raguwa, sai ya koma lami mai saurin ruɓa.

Duk abin da na faɗa a sama lissafin hunturu ne, Disamba zuwa Fabrairu. Da an shiga Maris da Afrilu, zafin Katsina ya doshi digiri 40, lissafin yana juyawa, kuma nan ne na ga mutane da yawa suna asara bisa kyakkyawar niyya. Jan tumatir wani sinadari ne mai suna laikofin, kuma inzayim ɗin da ke haɗa shi sun fi aiki tsakanin digiri 20 zuwa 25. Da zafi ya haura 30 sai aikin ya tsaya cik, amma launin ɗorawa ya ci gaba da fitowa. Shi ya sa tumatirin bazara ke yin ruwan goro da kafaɗa rawaya. Manomi ya ga bai yi ja ba ya ce bari in ƙara masa kwana 3, alhali jan ba zai zo ba. A cikin kwanakin nan fatar da ke fuskantar rana ta fi iska zafi, numfashin ɗan ya ƙaru, yana ƙona sukari da tsami tare. A irin wannan lokaci barin sa a reshe ba ya ƙara masa komai. Gara a ɗebe shi da sanyin safiya da zarar ya juya, a shimfiɗa shi a inuwa mai iska, ɗakin ƙasa ko rumfar zana da aka yayyafa wa ruwa. Zai fi yin ja a can fiye da a lambu.

Kada kuma a gudu daga zafi a faɗa firji. Ƙasa da digiri 12 tumatir yana jin sanyi. Wani bincike na Jami'ar Fulorida a 2016 ya nuna cewa bayan mako guda a firji sukari da tsami ba su canza sosai ba, amma inzayim masu haɗa ƙamshi sun yi rauni, kuma ba duka ke farfaɗowa ba bayan an fito da shi. Wanda bai gama nuna ba ma ya fi cutuwa. Firji na wanda ya nuna sarai ne, na kwana 2 ko 3, don kada ya ruɓe.

Mai yin kauɗa ba shi da wani zaɓi, nunanne ja kawai. Shanya tana kwashe ruwa ne, ba ta ƙara komai. In kilo 100 na ɗanye yana ɗauke da kilo 5 na busasshen abu, wani kuma yana ɗauke da kilo 6, na biyun zai ba da kauɗar da ta fi ta farko da kashi 20 cikin 100, da wahalar yanka ɗaya da filin shanya ɗaya. Kuma tsami ma tattaruwa yake yi, don haka kauɗar da aka yi da tumatir mai kore-kore tsaminta yana ninkuwa, launinta ya yi duhu marar kyau. Irin su UTC da Roma, masu kaurin nama da ƙarancin ruwan ciki, su suka dace da wannan aiki.

Masu dafa markaɗe su ɗura a kwalba don ajiyar damina, da ku nake a nan, domin wannan ya wuce batun ɗanɗano. Tsami shi ne mai gadin kwalbar. Akwai ma'aunin tsami da ake kira pH, wanda lambarsa ke hawa idan tsami ya ragu. Tumatir yakan tsaya tsakanin 4.0 zuwa 4.6, kuma 4.6 ita ce iyaka: sama da ita, ƙwayar cutar da ke haifar da guba mai shanye jiki tana iya tsira a rufaffiyar kwalba ko da an tafasa. Tumatirin da ya wuce nuna, da fasasshe, da wanda ya fara fumfuna, su ne ke ƙetare wannan iyaka, kuma su ne suka fi araha a kasuwa lokacin da ake yin ajiyar. A zaɓi ja mai ƙarfi, a zuba ruwan lemun tsami babban cokali 2 a kowace lita. Kanwa ko bakin soda kuwa kada su kusanci kwalba, domin aikinsu kashe tsami ne. A bari sai ranar girki a sa a tukunya.

Kafin ranar ɗiba ma akwai abin da ke hannun manomi. Ruwan da aka malala a makon ƙarshe yana ƙara nauyi amma yana tsinka sukari, yana kuma tsaga fata. Rage ban ruwa kaɗan idan 'ya'ya sun fara juyawa yana tattara ɗanɗano, muddin ba a bar shukar ta yi yaushi ba. Yuriya da yawa ganye take yi. Fotashiyam, wato harafin K a buhun NPK, shi ke tafiya da tsami mai kyau da nuna bai ɗaya. Sai kuma wani abu da nake so masu saye su daina ƙyama: koren kafaɗa. A 2012 aka gano cewa siffar nan da masu haɗa iri suka daɗe suna zaɓa, ta tumatir ya yi launi ɗaya sumul, ta rage koren da ɗan ke amfani da shi ya haɗa ɗan nasa sukarin, ƙari a kan wanda ganye ke aiko masa. Irin da ke da duhun kore a kafaɗa yana ɗanye yakan fi zaƙi idan ya nuna.

Da na gama yi wa Kawu wannan bayani a gindin dalbejiya, ya yi shiru, sannan ya ce, "To ɗana, dillali ba zai ƙara mini ko sisi don zaƙi ba." Gaskiya ya faɗa. Kasuwarmu da ido take saye, da cikar kwando. Amma dillali yana rage kuɗi idan ya ga kodaɗɗe da yanƙwananne, kuma wanda ya juya ba ya yin haka. Na ce masa, "Kawu, ku riƙa shiga lambun duk bayan kwana 2 ko 3 maimakon a jira mota a share komai rana ɗaya. Wanda ya ɗiga ja a ƙasa, na Legas ne. In an sami kiret na roba, har wanda ya yi rabin ja zai iya tafiya, tunda nauyi ba ya sauka a kansa. Ja sosai na kasuwar gari ne da kauɗa. Kore a bar shi ya ƙara sha."

Wahalar ɗiba ta ƙaru, kuɗin yara ma ya ƙaru, wannan ban ɓoye masa ba. A bana ya ware kunya 4 a gefen lambun da ba a taɓawa sai sun rine, daga nan ake cika wa Inna kwanonta, sauran kuma a yanka a shanya a kan tabarma bayan gida.